Lokacin Kome Bayan Saki a Mazhabar Malikiyya: Tsokaci Kan Al'ummar Warra

Gabatarwa

A Warra da garuruwan Ngaski, Shanga da Yawuri da ke bakin tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar ruwa a 1968, masunci kan bar gida ya yi watanni a tunga. Sau da yawa saki kan auku cikin fushi gab da tafiya, nadama kuma ta riski mutum yana nesa. Tambayar ita ce: yaushe ya halatta ya nemi matar, kuma ta wace hanya?

Matakai Uku

Na farko, cikin iddar saki ɗaya ko biyu. Aya ta 228 a Suratul Baƙara ta ba miji haƙƙin kome idan gyara yake nufi. Idda a wurin Malikiyya tsarki uku ce, ko wata uku ga wadda ba ta haila, ko haihuwa ga mai ciki. Kome ba ya buƙatar sadaki ko waliyyi, amma yana buƙatar niyya tare da furuci ko aiki. Kafin ya yi shi, ba ya keɓewa da ita.

Na biyu, bayan cikar idda ko bayan hul'i. Nan ya zama ɗaya daga cikin manema: sai da yardarta, da waliyyi, da sabon sadaki. Waliyyi ba shi da ikon hanawa don huce haushi. Buhari ya ruwaito cewa aya ta 232 ta sauka ne a kan Ma'aƙil bin Yasar, wanda ya rantse ba zai mayar da 'yar'uwarsa ga tsohon mijinta ba, alhali tana so.

Na uku, bayan saki uku. Ƙofa ta rufe sai ta yi wani aure na gaskiya ya ƙare. Auren kisan wuta ɓatacce ne, ba ya halatta ta.

Haɗarin Jinkiri Ga Matafiyi

Malikiyya sun ɗauki kafa shaidu a kan kome mustahabbi ne, sai dai barinsa na da tsada. Wanda ya zo bayan idda yana da'awar ya yi kome tun tana ciki, ba a karɓar maganarsa sai da hujja. Haka nan idan labarin saki ya iske ta, na kome bai iske ta ba, har ta yi aure na biyun ya sadu da ita, ta kuɓuce wa na farko. Don haka mai niyya ya kafa adilai biyu, ya sanar da ita da waliyyinta, ko da ta waya ne.

Kammalawa

Ma'aunin lokaci biyu ne: idda da niyya. Aya ta 231 ta hana riƙe mace don cutarwa, kamar mai yin kome ana gobe idda za ta cika don kawai ya tsawaita mata jira. Wanda bai magance abin da ya raba su ba, ya fara aika dattawan ɓangarorin biyu, bisa koyarwar aya ta 35 a Suratun Nisa'i. Allah ne Mafi sani.