Bayan Ɗori, Saura Maganin Zaizayar Ƙashi

A Wurno da Rabah da Goronyo, idan tsohuwa ta zame a bakin rijiya ta karye a wuyan hannu ko ƙugu, mai ɗori ake fara nema. Ƙashi kan haɗe, amma cutar da ta sa 'yar ƙaramar faɗuwa ta karya shi tana nan. Zaizayar ƙashi ce. Ta fi kama mata bayan ɗaukewar al'ada, da masu daɗewa suna shan dexamethasone ko prednisolone, har da masu saye a kemis don ƙiba.

Kafin likita ya rubuta magani, yakan duba ƙoda da haƙora, ya cike giɓin sinadarin kalsiyam da bitamin D. Yawanci da alendronate ake farawa, wanda Amurka ta amince da shi a 1995: ƙwaya ɗaya mai miligiram 70 a mako. Da sassafe ake haɗiye ta, ciki wayam, da kofi guda na ruwa zalla. Ba da koko ko fura ba, don suna hana ta shiga jiki. Sai an yi rabin sa'a a zaune ko a tsaye kafin a karya kumallo, kuma babu komawa shimfiɗa, kada ta ƙona maƙoshi. Wanda ƙwayar ba ta karɓe shi ba, akwai zoledronate ta ƙarin ruwa, sau ɗaya a shekara. Bayan shekara 5 ana shan ƙwaya, ko 3 ana ƙarin ruwa, likita kan duba ko a huta.

Allurar denosumab kuwa ba ta da hutu. Duk wata 6 ake yin ta, kuma idan aka yanke, ƙashi kan zaizaye da sauri har gaɓoɓin baya su kakkarye. Idan za a daina ta, dole alendronate ko zoledronate ya biyo bayanta. Wannan abin lura ne ƙwarai ga manomiyar Goronyo da kuɗin mota ko damina ke iya hana ta komawa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato kan lokaci. Tun kafin allurar farko ya kamata 'ya'yanta su tambayi likita yadda za a sami ta biyu.

Wadda ta karye a wurare da yawa, teriparatide mai gina sabon ƙashi ya fi mata amfani idan da shi aka fara, sannan a ɗora da mai riƙe abin da aka gina. Sai dai allura ce ta kullum, tana da tsada, kuma a firji ake ajiye ta.