Ƙanzon Da Ruwan Sama Ke Bari A Gona

A ƙasarmu idan aka ce ƙanƙara, abin da ke zo wa mutum a rai shi ne 'yan dunƙulen nan masu kama da tsakuwa waɗanda kan zubo tare da hadarin farkon damana, su yayyaga ganyen dawa, su kashe 'yan tsaki, yara su bi su da ƙorai suna tsinta, kafin a jima kuwa sun narke. A ƙasashen arewacin duniya akwai wata iri dabam, mai laushi kamar auduga, wadda masu fassara suka daidaita a kan kiranta dusar ƙanƙara. Ita wannan takan lulluɓe ƙasa wata da watanni, amma duk da haka dabbobin can ba su rasa abinci, domin da kofato suke tone ta su iske ciyawa da gansakuka a ƙarƙashi.

Masifa tana zuwa ne ranar da iska ta ɗan yi ɗumi a tsakiyar lokacin sanyi, aka yi ruwan sama a kan dusar. Ruwan ya ratsa ta, ya jiƙa ta har ƙasa, sa'an nan sanyi ya komo da ƙarfinsa cikin dare. Kafin gari ya waye abin da jiya yake da laushi ya daskare, ya zama falale guda mai tauri wanda kofato ba ya fasawa. Dabba tana tsaye a kan abincinta, yunwa tana kashe ta. Haka ta faru a watan Nuwamba na 2013 a yankin Yamal na arewacin Rasha, inda makiyayan ƙabilar Nenet suka yi hasarar barewar gida kimanin 61,000. Mutanen Mongoliya suna kiran muguwar shekarar sanyi “zud”, irin wannan mai ɓawon ƙanƙara kuwa sun yi mata laƙabi da zud na ƙarfe. A sanyin 2023 zuwa 2024 dabbobi fiye da miliyan 7 suka mutu a ƙasar tasu.

Mai karatu na Agye ko Gazawa ko Gidan Rumji zai ce, to mu ina ruwanmu da wannan labari, mu da ko a tsakiyar hunturu ruwan randa ba ya daskarewa? Amsar tana cikin kalma ɗaya. Duk wanda ya taɓa juya takardun aikin gona daga Faransanci zuwa Hausa ya sha cin karo da kalmar “croûte”. Da ita suke kiran ɓawon burodi, da ita suke kiran ɓawon dusar ƙanƙara, da ita kuma suke kiran abin da ruwan sama ke yi wa fuskar gonakinmu. Ni dai a ganina ƙanzo ya fi dacewa da ita, domin kowa ya san yadda tuwo mai laushi kan manne a gindin tukunya ya yi tauri har sai an sa wuƙa. A can da nan duka, ruwan da ake fata ne yake komawa ya zama murfi.

Ga yadda abin yake. Ɗigon ruwan hadarin farko babba ne, da ƙarfi yake faɗowa, yakan kuma tarar da gona tsirara, an share ta tun bazara, babu kara babu ciyawa. Kowane ɗigo sai ya farfasa 'yan curin ƙasa, ya raba yashi da laka. Ƙurar laka mai laushi ta bi ruwa ta toshe ƙananan ƙofofin da ƙasa ke sha da su. Da rana ta fito sai wurin ya bushe ya ƙame. Kaurin wannan ɓawo sau da yawa bai wuce milimita kaɗan ba, yaro ma ya iya ɓantararsa da farce, amma ya isa ya hana ruwa shiga. Masana biyu na cibiyar bincike ta Faransa da ake kira ORSTOM a zamanin, Alain Casenave da Christian Valentin, sun fitar da littafi a 1989 inda suka rarrabe ire-iren wannan ɓawo a ƙasashen Sahel. Mafi muni a cikinsu shi ne wanda kan bayyana bayan iska da ruwa sun kwashe yashin sama, aka bar shimfiɗa mai sulɓi, wadda in ta faɗaɗa manomi ke kira fako.

Manoman jihar Maraɗi ba su jira littafi ba kafin su san bambancin ƙasa. Jigawa mai yashi tana shan ruwa da sauƙi, tata matsalar ita ce iska da kan binne tsiro ko ta ƙone shi da rairayi. Geza ta fi ta ƙarfi, in ta samu ruwa ta fi ta albarka, amma ita ce ta fi saurin yin ƙanzo. Fadama kuwa, irin ta Gulbin Maraɗi da ya ratsa ta Tibiri, ita ke karɓar duk abin da tudu ya ƙi sha.

Ɓarnar farko a kan shibka take. Ƙwayar hatsi 'yar mitsitsiya ce, tsironta kuma ba ya da ƙarfin na wake ko na gyaɗa. Idan mutum ya bi sungumi ya shibka, aka yi ruwa mai duka washegari, sa'an nan rana ta buɗe kwana uku ko huɗu, tsiron yakan taso ya iske rufi, ya tanƙware a ƙarƙashi ya mutu. Mai gona ya zo zagaye ya ga gurabe fayau, ya ɗora laifi a kan iri ko ɓera ko tsuntsu, ya koma rumbu ya ɗebo wani. Wanda rumbunsa ya ƙare sai kasuwa, a lokacin da tiya ta fi tsada. Shibka ta biyu ko ta uku kuma ta riga ta ci kwanaki daga damanar da dududu wata uku ce zuwa huɗu.

Ɓarna ta biyu ta fi ɓoyuwa. Ma'aunin ruwan sama yana faɗin abin da ya zubo ne daga sama, ba ya faɗin abin da ya shiga ƙasa. Ana iya sanarwa a rediyo cewa an samu milimita 40 a gari kaza, jama'a su yi hamdala, alhali kuwa a kan fako mafi yawansa ya gangara, ya ɗauki taki da ƙasa mai kyau, ya haƙa kwazazzabo, ya je ya cika tabki ko ya rushe katangar wani. In aka tona wurin da yatsa bayan awa ɗaya sai a iske busasshiyar ƙasa. Sau da yawa abin da muke kira fari, a wata gonar ruwa ya zo, ƙofa ce ya tarar a rufe.

Me ya sa abin ya tsananta? Kudancin jihar Maraɗi yana cikin wuraren da jama'a suka fi cunkoso a Nijar. Kakanni sukan bar gona ta huta shekaru, ciyawa da sabara su rufe ta. Yau saura ta zama labari a yawancin garuruwa. Kara kuma, wanda dā ake bari a gona, yanzu ana kwashe shi tun kaka domin dabbobi da darni da murhu, har ma da sayarwa.

Dusar ƙanƙarar Yamal tana narkewa da kanta idan zafi ya zo. Fako sai an sa masa hannu. Hanya mafi arha ita ce shimfiɗa kara ko rassa a kansa tun rani: suna tare dukan ɗigo, suna kama yashin da iska ke ɗauke da shi, suna kuma janyo gara. Garar nan da muke la'anta a rumbu, a nan ma'aikaciya ce ba lada, domin ramukan da take yi su ne ƙofofin da ruwa zai bi. Akwai kuma tassa, wato 'yan ramuka masu faɗin santimita 20 zuwa 30 da ake haƙawa a zuba taki a ciki kafin ruwa ya sauka. Manoman Illela na jihar Tawa ne suka je Yatenga ta Burkina Faso a 1989 suka gano yadda aka inganta ta, daga nan ta bazu. Inda gangare yake, rabin wata ya fi tare ruwa.

Amma abin da ya fi canza fuskar waɗannan gundumomi shi ne sassaben zamani. Maimakon a sassabe kowane kututture a ƙone, sai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi na sabara ko kalgo ko gawo a bar su su tashi. Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostireliya da ya yi aiki a Maraɗi, ya fara yaɗa wannan dabara a 1983, yunwar 1984 kuma ta sa mutane da yawa suka gwada ta. A ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agye har kwamitin tsaron itatuwa jama'a suka kafa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa a Nijar hekta kusan miliyan 5 suka farfaɗo ta wannan hanya, da itatuwa wajen miliyan 200. Ganyen da ke zuba a gindin itace shi ne rufin da ɗigo ba ya fasawa, shi ya sa da wuya a ga ƙanzo a ƙarƙashin gawo.

Kada dai a ɗauka abin mai sauƙi ne. Hekta ɗaya ta tassa tana cin ramuka 10,000 ko fiye, aikin da aka ƙiyasta ya kai awa 300, a cikin zafin Afrilu da Mayu, lokacin da samari da yawa suna can ci-rani. Magidancin da ke da tumaki biyar da damin kara goma kuwa, in malamin gona ya ce masa ya shimfiɗa karan a fako, dole ya yi lissafin abin da tumakin za su ci kafin ciyawa ta fito. Irin wannan mutum ya fi kyau a ce masa ya fara da bakin fakon, inda yake cin gona kowace shekara, ya rufe taku kaɗan bana, ya duba wurin bayan ruwa na uku, ya tura yatsa ya ji zurfin laima.