Hawan Jini: Ciwon da Ba Ya Sallama

Yau shirin namu zai duba hawan jini, da rawar da wayar da kai ke takawa wajen shawo kansa.

Ku leƙa ɗakin awo a kowane asibiti da hantsi. Ma'aikaciyar jinya ta ɗaura wa wani dattijo abin awo a damtse, ta dubi lamba, 170 bisa 100. Ta ce, "Baba, ina maganin da aka rubuta maka?" Ya ce, "Ai na bari, 'yata. Kaina ya daina ciwo, na ga na warke."

Baba bai yi taurin kai ba. Babu wanda ya zaunar da shi ya gaya masa cewa hawan jini kan yi shekaru a jiki ba ciwon kai ba jiri, yana cin zuciya da ƙoda da jijiyoyin ƙwaƙwalwa, kuma maganinsa na kullum ne ko da an ji garau. Ranar da ɓarin jikinsa ya shanye, sai a ce iska ce ta buge shi, a nufi gidan mai magani.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce mutum kusan biliyan 1.3 ke da wannan ciwo, kuma kusan rabinsu ba su ma sani ba. Awo ne kaɗai ke tona shi. Idan lamba ta yi ta nuna 140 bisa 90 ko sama, a ga likita.

Sai batun tukunya. Hukumar ta ce kada gishirin babba ya kai giram 5 a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi. Uwargida takan ce ta rage gishiri, alhali ta marmasa dunƙule huɗu a miya, kuma yawancin dunƙulen nan gishiri ne. Kanwa ma haka. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta ciwon zuciyar masu jego da yawan kunun kanwa da wankan ruwan zafi. Wannan bayani kakar jariri ya kamata ya fara isa wa, don ita ke dama kunun.

A ganina, takardar da ake mannawa a bangon asibiti ba ta isa ba, balle idan da Turanci aka rubuta ta. Maganar tana buƙatar bakin liman bayan sallar Juma'a, da malamar Islamiyyar matan aure, da mai kemis ɗin unguwa, wanda mutane suka fi gani fiye da likita.

Ana tunawa da ciwon a duniya kowace 17 ga Mayu, amma kada ku jira ta. Mai ciki ta riƙa zuwa awo, kuma idan fuska da hannu suka kumbura ko kai ya matsa da ciwo, a garzaya asibiti kafin jijjiga ta zo.