La'ada da Ihisani: Hisabin Yaron Kanti

Shirinmu na yau daga Ƙofar Na'isa yake zuwa muku, ƙofar da Tarihin Kano ya ambata cikin aikin ganuwa na Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, wanda kuma a zamaninsa aka kafa Kasuwar Kurmi, inda dillalai suke cin la'ada tun ana ciniki da wuri.

Mas'alarmu irin wadda malaman lissafi kan rubuta wa ɗalibai a allo ce, alhali samarin unguwar nan masu sammako zuwa Kantin Kwari da ita suke ci, da ita suke sha. A ƙaddara wani attajiri ya yanka wa yaron shagonsa naira 40,000 a wata, da la'adar naira 2 cikin kowace 100 ta abin da ya sayar, sa'an nan ya yi masa alkawarin ihisanin naira 1 cikin 100 idan ciniki ya haura miliyan 2. Yaro ya sayar da atamfa da shadda na miliyan 3. Nawa ne hakkinsa?

La'ada dai naira 60,000 ce, in an gama ta da albashi ta zama 100,000, kuma iyakar nan babu hilafa. A kan ihisanin ake rabuwa, domin maigida zai ce nufinsa miliyan 1 da ta ɗoru a bisa, watau 10,000, jimla 110,000, shi kuwa yaro, wanda ya wuni yana sauke diloli yana lallashin masu taya kaya, zai ce ai a kan cinikin duka aka yi magana, watau 30,000, jimla 130,000. Kowanensu hisabinsa daidai ne. Lafazin alkawarin ne ya haifar da giɓin 20,000. A ganinmu laifin ya fi karkata ga maigida, tun da shi ya furta sharaɗin. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan malaman birnin nan, ta shar'anta a ijara a yanka ajali, a kuma ambaci ladan, don kauce wa garari.

To, a juya mas'alar: an biya yaro 110,000, nawa ya sayar? Wannan fagen aljabaru ne, ilmin da Alkawarizmi ya wallafa littafi a kansa a Bagadaza wajen shekarar 820, har ya ware fasali guda ga mu'amalar 'yan kasuwa. A cire albashi, saura 70,000. A cire la'adar miliyan 2 na farko, watau 40,000, saura 30,000. Tun da kowace 100 da ta haura iyaka tana jawo naira 3, ashe miliyan 1 ce ta ɗoru, ciniki miliyan 3 ke nan. Amma wannan bisa fahimtar maigida ne. Bisa ta yaro, da cinikin kimanin naira 2,333,000 ma ya isa a biya shi haka.