Jambiani, Ƙauyen Da Mata Ke Noma A Cikin Teku

'Yan'uwana mata, tafiya mabuɗin ilmi ce. Yau ina so in kai ku wani ƙauye a bakin Tekun Indiya, sunansa Jambiani, a kudu maso gabashin tsibirin Zanzibar, wanda ya haɗu da Tanganyika a 1964 suka zama ƙasar Tanzaniya.

Daga Dar es Salam jirgin ruwa zai kai ki birnin Zanzibar cikin kamar awa biyu, sa'an nan ki shiga mota, tafiyar mil 35 ko kusa da haka. Kada ki manta da katin rigakafin shawara, gama akan tambayi wanda ya fito daga ƙasashenmu. Ki kuma kauce wa watan Maris zuwa Mayu, domin lokacin ne ruwan sama ya fi tsanani.

In kin sauka, za ki ga rairayi fari fat kamar garin rogo, da itatuwan kwakwa jere, da ƙananan jiragen masunta da suke kira ngalawa, masu katako dama da hagu don kada su kife. Ba hayaniya, sai ƙarar ruwa da kiran salla, gama yawancin mutanen Musulmi ne. Harshensu Suwahili ne, amma za ki tsinci kalmomi da kika sani, kamar sukari da Alhamisi. In za ki gai da babba ki ce "shikamoo", shi kuwa ya amsa "marahaba".

Abin mamaki a nan shi ne, sau biyu a kowace rana teku takan janye da nisa ƙwarai, ta bar fili. Da ta janye sai ki ga mata sun ɗaura zane sun shiga, ruwa iya ƙauri, suna duba gonakinsu. Abin da suke nomawa ciyawar teku ce, su ce mata mwani. Sukan kafa turaku, su ja igiya tsakani, su ɗaɗɗaure tsiron a jikinta. Bayan kamar mako shida sai su girbe, su shanya, su sayar wa 'yan kasuwa masu kai ta ƙasashen waje, inda ake tatsar wani sinadari mai sa kauri a man goge haƙori da wasu abinci. A 1989 aka soma wannan noma don sayarwa, da iri daga ƙasar Filifin. Da kuɗinsa mata da yawa suka sayi littattafan 'ya'yansu, suka gyara ɗakunansu.

Amma fa aikin ba sauƙi. Ga sunkuyo, ga rana, ga gishiri mai cin fata. Yanzu kuma ruwan gaɓa yana ƙara ɗumi, ciyawar tana ruɓewa tun ba ta isa girbi ba. Magani shi ne a matsa inda ruwa ke da zurfi da sanyi, ga shi kuwa da yawansu ba su iya iyo ba.

To, saboda haka ki san yadda za ki zauna da su. Baƙo raɓa ne, gobe zai tafi ya bar masu gari da abin da ya shuka. Kada ki taka igiyoyinsu, domin abincin wani gida ne. Kada ki ɗauki hoton mace sai kin nemi izni. Ki yi shigar mutunci cikin ƙauye. In kin ga sabulun da suka haɗa da mwani, ki saya daga hannunsu, ban da yawan taya kamar kina kasuwar Kurmi.

Ki kula da kanki kuma. Ki sa takalmi in za ki shiga, don akwai wata halitta mai ƙaya kamar bushiya. Ki tambayi lokacin komowar ruwa kafin ki yi nisa, gama yakan dawo da sauri, musamman in kina tare da yara.

Ku kuma 'yan makaranta, ku buɗe taswira ku nemo tsibirin nan, ku auna nisansa daga garinku. Wadda Allah ya nufa da zuwa, ta dawo mana da labari.