Kora Da Makero: Cutar Da Ke Bin Askar Wanzami

A ƙauyukan Rano da Kibiya, da wuya a shiga makarantar allo ko ta firamare ba a ga yaro mai kora ba. Gashi ya zube a wuri guda, fatar ta yi fari kamar an barbaɗa toka. Wasu iyaye kan ce ai ta yara ce, za ta tafi da kanta. Kafin ta tafi, ta kama ƙannensa.

Funfuna ce ke kawo kora. Kowa ya san funfunar da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu. To, akwai danginta da ido ba ya gani, masu cin gashi da fatar mutum. In sun kama kai, kora ke nan. In sun kama jiki, suka yi zobe mai ƙaiƙayi, makero ke nan. Kyasbi ma aikin funfuna ne. Ƙazuwa kuwa ɗan ƙwaro ke kawo ta, maganinta daban ne.

Aska na cikin manyan hanyoyin kora. Wanzami ya aske yaro mai kora, ya goge askar a tafin hannu, ya kira na gaba. Hula da mataji da matashin kai su ma suna ɗaukarta, haka kyanwa ko maraƙi mai zubar gashi. Kowane yaro a je masa da sabuwar reza, kuma a daina aron hula.

Makero kan ji man shafawa na asibiti. Kora ba ta ji, domin cutar tana cikin saiwar gashi, inda mai ba ya kai wa. Sai an sha ƙwaya. Wadda aka fi bayarwa sunanta girisiyofulbin, tun 1958 ake magani da ita. Ana sha kullum har mako 6 zuwa 8, bayan an ci abinci mai maiƙo, kamar nono ko gyaɗa. Ma'aikacin lafiya ne zai auna wa yaro, a asibitin shan-ka-tafi ko Babban Asibitin Rano. Mace mai ciki ba ta shan ta.

A guji man bilicin da man ƙaiƙayin da ake talla a kasuwa. Da yawansu suna kwantar da ƙaiƙayi, cutar kuwa tana yaɗuwa a ƙarƙashi. In kan yaro ya kumbura yana fitar da mugunya, a kai shi asibiti ran nan, domin wurin yana iya zama tabo, gashi ba zai sake fitowa ba.