Abin da ya kamata a yi wa babur bayan injinsa ya ɗauki zafi

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ma'aikata da 'yan kasuwa da dama a Kaduna sun jingine motocinsu sun koma hawan babur. Mai bin titin Nnamdi Azikiwe ta Kurmin Mashi yakan ga ɗaya daga cikinsu a gefen hanya, ƙauri na tashi daga injinsa, yana kwara masa ruwan leda. Wannan ruwa yakan fi zafin yin ɓarna.

Akasarin baburan da ake hawa a nan, irin su Bajaj Boxer da Jincheng da Haojue, ba su da lagireto. Iska ce ke sanyaya su, tana ratsa haƙarƙarin ƙarfen da ke kewaye da silinda tana kwashe zafi. Idan taɓon damina ya bushe a tsakanin haƙarƙarin nan, ko aka daɗe a cunkoso da goyo da kaya, zafin ba ya samun mafita. Kan silinda kuwa na alminiyom ne; in ya yi zafi aka sheƙa masa ruwan sanyi, yana iya lanƙwashewa ko ya tsage. Abin yi shi ne a kashe injin, a tura babur inuwa, a ba shi kamar rabin awa ya huce da kansa.

Masu tseren babura a daji da hamada, irin gasar Dakar da a da take ratsawa ta Agadez kafin daga baya ta koma Saudiyya a 2020, baburansu na da ruwan sanyaya inji, amma duk da haka bakanikensu kan duba mai da matatar iska a ƙarshen kowace rana. Dalilinsu ya shafi babur ɗin zuwa ofis ma: inji na iya tashi lafiya bayan ya huce alhali ya riga ya cutu.

Baƙin mai ne kan fara lalacewa. Zafi yana tsinka shi, ya rasa kaurin da ke hana fistin gogar jikin silinda. Babur irin Boxer abin da yake sha bai wuce kimanin lita ɗaya ba, don haka jinkirta juye shi rowa ce marar riba. A lura da tsohon man yayin juyewa: in yana warin ƙuna ko ana ganin ƙyalƙyalin garin ƙarfe a ciki, gogayyar ta yi nisa.

Daga nan sai fulogi. Bakinsa in ya yi fari fat, iska ta rinjayi fetur a kafireta. Nan ne wasu ke jawo wa kansu, domin sukan sa bakanike ya matse kafireta don tsimin mai, injin kuma ya riƙa ƙuna. Kuɗin fetur ɗin da aka tara a haka ba ya sayen fistin da zobba.

Sauran alamun sai an hau ake ganinsu: shuɗin hayaƙi daga salansa, kik da ya yi laushi a ƙafa, mai yana tsattsafowa ta fakin kan silinda, ko ƙarar ƙyas-ƙyas daga bawul. Bawul saiti kawai yake so, a yi shi inji na sanyi. Hayaƙi da laushin kik kuwa suna nufin a buɗe silinda yanzu, kafin injin ya buga.